Shanshanin Ruwa a Falon Alhaji Ladan

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan Azahar

Shekara ɗaya da wata bakwai rabona da Misau. Ko ƙaramar Sallar nan da ta wuce a nan na yi ta, bayan garin Wara, a bakin tafkin Kainji, saboda kifi bai san Sallah ba. Na rubuta ne don in tuna wa kaina, tunda matata Rahila ta gaji da tuna mini.

Aikina a gidan nan guda ɗaya ne. Akwai akwatin gilas a falon Alhaji Ladan, tsawonsa ya kai na ƙaramin kwale-kwale, cike da ruwan gishiri da duwatsun teku da murjani mai rai da kifaye masu launi sun haura ashirin. A wani otal a Legas ya ga irinsa, inda nake aiki a lokacin. Ya tsaya a gabansa har abincinsa ya huce. Ya ce ubansa ya kama kifi don a ci, shi zai ajiye don kallo. Albasa da shinkafa sun ba shi abin da zai iya, sai aka loda akwatin da ni a mota ɗaya aka kawo mu. Ga ni nan a gefen ruwan da ke ciyar da ƙasa guda, ina kiwon kifin da ba a ci, a ruwan da ba a sha.

Alhaji ya tafi gonarsa ta Shanga ranar Alhamis. An ga motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, takalminsa ɗaya a ƙasa. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Talata, 8 ga Afrilu, da hantsi

Ƙanen Alhaji, Zakari, ya zo daga Yelwa, shi ke riƙe da makullai yanzu. Maza sun cika tabarmi a gindin mangwaro, kowa yana magana kamar akwai jinjiri yana barci. In wayar matar Alhaji, Hajiya Zuwaira, ta yi ƙara a cikin gida, har tsuntsaye sai ka ce sun yi shiru.

Na ba kifi abinci. Na jira sai da falo ya zama babu kowa. Kunya ce ka yi ta barbaɗa abinci a gidan da tukunya ke komawa madafa a cike.

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan Magariba

Ba labari. Ruwa lafiya.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan La'asar

Zakari ya kashe janareta da rana. Na same shi a zaure na yi masa bayani a hankali, hula a hannu. Na ce akwatin nan abu uku yake rayuwa a kai: injin da ke juya ruwa, na'urar da ke sanyaya shi, da fitila don murjani. Na ce sola da batura za su ɗauki injin, amma ba za su ɗauki mai sanyayawa ba, kuma ga shi bazara ce, ko ƙadangare yana neman inuwa.

Ya dube ni da jajayen idanu. "Basiru, kihi na fa. Kihi cikin ruwa shika kwana, ba cikin wuta ba. Ka taɓa ganin an ja ma Kainji waya?"

Na ce, "Yallaɓai, Kainji ne ke ba wa wasu wuta."

"To shi ba ka." Ya juya.

Ya yi gaskiya a kan nasa kifin. Kuma na san inda kuɗin gas ɗin zai tafi: fansar Alhaji. Abin da ya fi ƙona ni ke nan, ba ni da wanda zan ji haushi da hujja.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan an sauko

Motoci biyu sun fita daga gareji, waɗanda suka tuƙa su ba 'yan gidan nan ba ne.

Baba Cindo ya zo kamar kullum. Tsohon Basarke ne, masunci, abokin kamun kifin mahaifin Alhaji, kowace safiya yakan kawo gargaza ko tarwaɗa gidan, sannan ya tsuguna a gaban gilas yana zagin kifayena.

"Kai Ɗan Gabas, wagga rawaya taka, in an soya ta, launin na hita ko shina zama?"

"Baba, kuɗinta ya fi na komarka."

"To wawa ta. Kihin da ad da tsada haka shi yarda a kama shi?"

Ya yi dariya, sai ya tuna gidan da yake, ya haɗiye ta. Ya daɗe yana kallon gilas. Ya ce a kan gwiwarsa Ladan ya koyi ɗaurin ƙugiya.

Asabar, 12 ga Afrilu, da azahar

Ruwa ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Shuɗin kifin nan babba ya fara. Tun safe yake haki a sama, sai na neme shi na rasa. Ya shige ƙarƙashin duwatsu, can inda hannu ba ya kaiwa, ya mutu.

Fitila a kashe take don a rage wa batura nauyi, labule a sake, falo ya yi duhu tsakar rana. Sai suka fito.

Tsutsotsi ne masu ƙaya. Jajaye-jajaye, wasu kamar yatsa, wasu sun kai taƙi, gefe da gefe fararen gashi kamar na ƙaiƙayi. Ba wanda ya saye su, ba wanda ya taɓa sayensu. A cikin ramukan duwatsu suke zuwa tun daga teku. In da haske ba ka ganinsu. Aikinsu ragowar abinci da kashi da duk abin da ya mutu. Kafin gawa ta ruɓe ta zuba guba a ruwa, sun cinye ta, sai ƙashi. Maigidana na Legas yakan ce in ka ga sun yi yawa, kada ka zage su, ka zagi hannunka mai yawan zuba abinci. Irin waɗannan ba sa taɓa mai rai. Sai dai in ka kama su da hannu za ka gane kurenka.

Na tsaya ina kallonsu a kan shuɗin, har na ce musu sannunku da aiki. Ban ji shigowar matan da suka zo wa Hajiya jaje ba. Salatinsu ne ya juyo da ni.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da hantsi

Hajiya ta sa an kira ni. Ta bayan labule ta yi magana, muryarta ta dushe.

"Malam Basiru, mi ne na cikin ruwan nan?"

Na yi bayani kamar yadda na rubuta jiya. Na ce masu shara ne, Hajiya. In babu su ruwan zai lalace.

"An ce mani ba a banza sunka hito ba. An ce tun da anka kawo duwatsun nan anka kawo su, binne, suna jiran rana."

Na ce wallahi ba sammu ba ne, halitta ce, a kowane akwati irin wannan akwai su.

Sai ta ce, "Abin da ka cin gawa, cikin falon maigidana, alhali shi..."

Ba ta ƙarasa ba. Duk karatun ruwan da na yi babu amsar wannan a ciki.

Ranar dai, bayan La'asar

Rahila ta kira. "Baban Sumayya, ka taho gida. Mun ji abin da ake ciki."

Na ce hanya ba daɗi.

"Ta ruwa fa? Ba ka ce ana shiga jirgi zuwa Yelwa ba?"

Na ce kifi.

"Kifin ne ya haife ka, ko kai ka haife shi? Sumayya ta fara cewa kawunta Baba."

Na ce layi ba kyau, ba na ji. Ina ji sarai.

Talata, 15 ga Afrilu, da sassafe

An ɗaga janareta jiya, mutum shida da igiya. Ya bar baƙin tabo a siminti.

Gishirin haɗa ruwa saura rabin buhu. Ba irin na miya ba ne, daga Legas ake kawo shi. Wani direba ya ce zai sauke mini buhu biyu a Yelwa. Zan bi jirgin safe in karɓo, in sayo ƙanƙara in riƙa jefawa a leda ko ruwan ya sauka. Na bar wa Baba Cindo amana. Abinci ɗan tsunkule sau ɗaya, kada ya sa hannu a ruwa, kada ya bar kowa ya sa.

"Tahi abinka," in ji shi. "Ni za a koya ma zama da kihi?"

Laraba, 16 ga Afrilu, Yelwa, bayan Azahar

Direba bai zo ba. Ya ce ba ya bin hanyar nan yanzu ko nawa za a ba shi. Ban zage shi ba, yana da 'ya'ya. Jirgin komawa ya ƙi tashi sai gobe. Ina zaune a bakin ruwa, warin albasa da banda ya cika mini hanci, ƙanƙarata tana narkewa a buhun dusa. Na tashi, na zauna, na tashi.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan La'asar

Ban san ta inda zan fara ba.

Na tarar da Baba Cindo a ƙofar falo yana murmushi, hannayensa a ɓoye cikin riga. Ya ce, "Ɗan Gabas, zo ka ga aikin manya."

Gura ya saƙa. Irin tarkon da suke kafawa a tafki, mai baki kamar mazurari, kifi ya shiga ya kasa fita. Amma wannan ƙarama ce, ba ta fi gwangwanin madara ba, da tsinken kaba da guntun gidan sauro. Guda huɗu ya yi. Wallahi ban taɓa ganin saƙa mai kyau irinta ba. Ya ɗura musu ƙananan kifin warangi, ya zura su da zare a bakin ramuka, ya sake labule. Kwana biyu yana ɗagowa yana juyewa yana mayarwa.

Ya nuna mini bokiti. Ruwan tafki ya zuba a ciki. Suna kwance a ƙasa, sun kumbura, sun yi fari. Ruwan daɗi yana kashe su cikin ɗan lokaci. Sun fi ɗari.

"Shanshanin ruwa," in ji shi. "Na ƙare maka su. Hajiya ta ce a hidda su, niy ce ba sai an hwasa gilas ba, akwai dabara."

Na ɗaga masa murya. Tsohon da ya girmi ubana. Na ce wa ya aike ka, na ce ka kashe akwatin, na ce abin da ba ka sani ba ka bar shi. Har mutanen gindin mangwaro suka leƙo.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Yaro, tun ba a yi madatsar ga ba nika ɗaga koma. Duk abin da niy ishe bisa kihina, ɓarawo na. Na gan su bisa shuɗin ga da idona. Kai kana so in ce masu sannu?"

Sai na ga hannayensa. Sun kumbura kamar fanke, fararen ƙayoyi tsaye a yatsu kamar gashin masara. Da hannu yake juye su. Kwana biyu bai faɗa wa kowa ba.

Na zaunar da shi. Na manna salatef ina ɓarewa, ƙayoyin suna fitowa, na matsa lemun tsami. Ya ce, "Kai, wanga abu ya hi kunama iya hira." Na ba shi haƙuri. Ya ce wane haƙuri, ai shi ya ci nasara.

A tafkinsa gaskiya ya faɗa. Kuma ya ga kifayen suna rama, sai ya ƙara musu abinci don tausayi. Kifi biyu ban gan su ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da asuba

Ban gan su ba har yanzu. Suna ƙarƙashin duwatsu, na sani. Babu mai zuwa musu.

Asabar, 19 ga Afrilu, da azahar

Ruwa ya yi fari kamar tsarin shinkafa. Falo yana wari. Na ɗebi kaɗan a kwalbar gwaji na ɗiga magani. In lafiya, rawaya yake zama. Ya yi kore shar kamar miyar kuka.

Na rushe duwatsun da na shekara ina jerawa. Na sami biyun, ko abin da ya rage nasu, da guntayen warangi da suka zube daga gura. Da masu shara suna nan, da tun shekaranjiya babu wannan. Na kwashe abin da zan iya. Maganinsa a canza ruwa, rabi ko fiye. Gishirina ba zai haɗa ko kashi ɗaya cikin biyar ba.

Murjani ya fara fari daga sama. Wanda bai sani ba zai ce kyau ya ƙara.

Waya ta yi ƙara sau biyu yau. Bayan ta biyun na ji kukan Hajiya, sannan na ji ta daina, wanda ya fi muni.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Huɗu sun mutu.

Litinin, 21 ga Afrilu, da hantsi

Biyar. Baba Cindo ya ce in ba shi ya binne, kada kyanwa ta ci. Ya haƙa musu rami a gindin lemo da hannayensa masu ciwo. Bai yi ba'a ba yau.

Ranar dai, bayan La'asar

Zakari ya shigo falo. Ya toshe hanci, sannan ya sauke hannun. Rigarsa ta yi masa yawa. An ce ya sayar da rumbun albasarsa duka tun ba ta yi kuɗi ba.

Bai ba da umarni ba. Da ya ba da, da na ji daɗin ƙin sa. Ya tsaya yana kallon batura takwas ɗin da ke jere a lungu, ya ce, "Basiru, ba su rage kuɗin ba. Ko kaɗan ba su rage ba. Akwai mai saye yau."

Na ce in aka cire su injin zai tsaya, in ya tsaya babu iska a ruwa, zuwa gobe babu mai motsi.

"Na sani," in ji shi. "Ka hwaɗa mani in bar su, in bari."

Dubi mugunta. Ya ɗora mini.

Na ɗauko sifana. Ni na kwance wayoyin da hannuna, don in ya taɓa ba daidai ba wuta za ta ja shi. Da na cire na ƙarshe, ƙarar injin da na saba kwana da ita ta ɗauke. Ban san falon nan yana da faɗi haka ba.

Ya ce, "Allah shi saka." Na ce amin. Ban dube shi ba.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan Azahar

Dabarar Baba Cindo ce, in faɗi gaskiya. Jiya da ya ga na zauna na zuba tagumi ya ce, "Kai da wutarka. Mu da muka kai kihi da rai har kasuwa, waya muka ja? Ɗebo ruwa, ɗaga hannu, zuba. Shi ke nan iska. Zahi kuma, uwarka ba ta da randa?"

Ya aika aka kawo sababbin randuna biyu daga gidansa, na 'yarsa ne da aka saya mata. Na wanke su, na fasa ledojin fiya wata har yatsuna suka yi ciwo, na haɗa da gishirin da ya rage, duka. Muka kafa su a jiƙaƙƙen yashi a baranda ta gabas, muka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Zuwa Magariba ruwan ya yi sanyin da bai yi ba tun da aka kashe janareta.

Na kwaso masu sauran numfashi na raba. Na sa ƙananan duwatsu uku-uku. Sai ƙwarya. Ka ɗebo, ka ɗaga, ka zuba, kumfa ta tashi. Ka huta kaɗan, ka sake. Ni da shi muke karɓa-karɓa.

Ɗazu da na ɗaga buhu na ga wani jan zare yana leƙowa daga ramin dutse. Ƙanana ne, waɗanda ba su kai shiga gura ba. Baba ya gani.

"Ga 'yan gidan abokan gabana."

Na ce, "Baba, don Allah."

"Ni ban ga komi ba. Idona ya tsuhwa."

Laraba, 23 ga Afrilu

Ɗebo, ɗaga, zuba. Kafaɗata ba tawa ba ce. Biyu sun tafi duk da haka, na tsame su da wuri.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da hantsi

Zakari ya fita da asuba a bayan babur, da jaka, da mutum ɗaya. Bai ce ga inda za shi ba, ba wanda ya tambaya. Ya bar wa Hajiya makullai da agogonsa.

Ranar dai, bayan La'asar

Ina zuba ruwa sai na ga inuwa. Hajiya Zuwaira ce, da kanta, a baranda. Tun zuwana gidan nan ban taɓa ganin fuskarta a kusa ba. Wayar tana ɗaure a bakin mayafinta.

"Kawo ƙwaryar."

Na ce haba Hajiya.

"Kawo, Malam Basiru. In na ƙara zama ɗaki ina kallon wagga waya, hauka zan yi."

Na nuna mata yadda ake ɗagawa. Ta yi ta yi. Can ta tsaya. Dodon koɗi ɗaya ya mutu a gindin randa ban lura ba, su kuma sun taru a kansa, uku ko huɗu.

"Ashe da saura."

"Da saura, Hajiya."

Ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ɗan kifi mai ruwan lemu da farar ɗamara ya wuce ta gefensu har ya goga, ba su ko juyo ba.

"Ba su taɓa mai rai?"

"Ba sa taɓawa."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, Hajiya."

"Mai rai dai ba su taɓa shi," ta ce, ba da ni take ba. Ta ci gaba da zuba ruwa har aka kira Magariba.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Zakari bai dawo ba. Ɗebo, ɗaga, zuba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da azahar

Bai dawo ba. Hadari ya haɗu ta kudu ya watse. Rahila ta kira sau uku, ban ɗauka ba, hannuna a jiƙe. Haka zan ce mata.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan La'asar

Sun dawo. Su biyu, Alhaji da Zakari. Ɗaukar Alhaji aka yi daga mota. Ban ga fuskarsa ba, ƙafafunsa na gani. Ba zan rubuta su ba.

Guɗa ta tashi a cikin gida sannan aka tsawatar. Baba Cindo ya ajiye ƙwarya ya tafi bayan gida, ya daɗe. Da ya dawo ya ce hayaƙin banda ne ya shiga masa ido. Ba a banda a gidan nan.

Alhamdu lillahi. Na faɗa da zuciya ɗaya. Batura takwas sun yi aikin da ya fi nawa.

Laraba, 30 ga Afrilu, da hantsi

Yau Alhaji ya ce a kawo shi falo. Ya rame har hularsa tana juyawa. Ya zauna a gaban gilas, babu komai ciki sai busasshen gishiri da fararen ƙasusuwan murjani. Na tsuguna na yi masa barka. Na shirya bayanina tun jiya, wanda ba zai taɓa Zakari ba, ba zai taɓa Baba ba.

Bai nema ba. Ya ce, "Akwai saura?"

Aka riƙe shi zuwa baranda. Na ɗaga buhu. Rawayar tana zagaya randa, zagaye, zagaye, hancinta yana gogar yumɓu. Ya tsaya yana kallonta, hannunsa a kafaɗar Zakari.

"Ruhe," in ji shi. Sannan, "A'a, kak ka ruhe. Basiru, ɗauke su ka kai tabki ka sake su. Yanzu. Ba a ƙara tsare wani abu cikin gidana."

Na ce, "Alhaji, ruwan daɗi zai kashe su kafin in juya baya. 'Yan teku ne."

"To ka kai su teku."

Na ce ko tekun Legas ba irin nasu ba ne, kuma sun saba da hannu. Na ce sai dai otal ɗin da na baro, akwatinsu ya ninka wannan sau uku, akwai wuta, akwai masu kula.

Ya rufe ido. "Nan ma tsarewa ta."

"Tsarewa ce, Alhaji. Amma da rai."

Baba Cindo ya sa baki daga inda yake tsugune. "Ladan, bar yaron ga shi kai su. Ya sha wuya kansu, ni shaida na."

"Kai su," in ji Alhaji. "Duka. Har abin da Zuwaira tac ce suna cikin dutsi."

Alhamis, 1 ga Mayu, da asuba

Jirgin Yelwa zai tashi in rana ta fito, daga can mota zuwa kudu. Misau tana gabas. Ban kira Rahila ba tukuna. Zan kira in mun yi nisa, inda ba za ta ce in juyo ba.

Na zuba su a jarkoki biyu da na yanke wa baki, na naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Baba Cindo zai raka ni har Yelwa don a riƙa karɓa-karɓar zuba ruwa. Daga nan sai ni kaɗai, da kofin roba, da duk wanda Allah ya zaunar kusa da ni a mota. Ban san ko za su kai ba.

Abin da ke ciki: rawaya ɗaya. Kifin lemu biyu. Jatan lande ɗaya, ƙafarsa guda ta cire. Dodon koɗi huɗu. Murjani reshe biyu, kowanne kamar babban yatsa, da sauran launi a gindi. Duwatsu shida. Tsutsa, waɗanda na gani da idona, tara.